Sauya manhajar sarrafa fayiloli: jagora ga masu kwamfuta da waya a Adjamé da Treichville

Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana zuwa da manhajar da ke nuna abin da aka adana a cikinta: hotuna, takardu, sauti da bidiyo. Da ita ake kwafe fayil, a sauya masa suna, a mayar da shi wani wuri ko a goge shi. Sunanta da Faransanci gestionnaire de fichiers. A Windows ita ce Explorateur de fichiers, a kwamfutocin Apple ita ce Finder, a wayoyin Samsung kuma Mes fichiers. Akasarin mutane ba su taɓa tunanin ana iya sauya ta ba, amma ga wanda cinsa da shansa ya dogara da kwafe fayiloli, zaɓin wannan manhaja na iya rage masa ɓata lokaci, kuma kuskure wajen sauya ta na iya janyo asarar kayan mutane.

Inda batun ya shafi Hausawan Abijan

Adjamé ita ce cibiyar kasuwanci da tashoshin mota a arewacin Abijan, babban birnin kasuwancin Kodebuwa. A nan ne Forum des Marchés yake, kuma a nan ne kasuwar wayoyi da kayan lantarki da aka daɗe da sani da Black Market ta yi suna. Treichville kuwa tana kudu da Plateau, tsallaken gadojin Houphouët-Boigny da De Gaulle, kusa da tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 1951. Unguwannin biyu sun daɗe da karɓar baƙi daga Nijar, Najeriya, Gana, Mali da Burkina Faso, kuma Hausawa na cikin masu sana'a a wurin: fataucin albasa da goro, sayar da nama, gyaran waya da sayar da kayanta.

Cikin waɗannan sana'o'i akwai waɗanda kusan duk aikinsu fayil ne. Mai tura wa'azi, tafsiri, waƙoƙi da finafinan Hausa a katin memori yana kwafe ɗaruruwan fayiloli a wuni. Mai gyaran waya yakan kwashe hotunan mai waya zuwa kwamfuta kafin ya wanke ta. Mai shagon buga takardu yana karɓar filashi, wato clé USB, daga hannun mutane iri-iri, ɗauke da hoton fasfo, katin ƙaramin ofishin jakadanci, takardar haihuwa ko rasiɗin kaya. Ɗan kasuwa kuma yana riƙe da saƙonnin murya na WhatsApp waɗanda su ne kaɗai shaidar cinikin da ya ƙulla da abokin hulɗarsa a Maraɗi ko Kano.

Wani abu kuma shi ne yawancin kwamfutocin da ake saya a waɗannan kasuwanni na hannu ne, irin kayan da mutanen Abijan ke wa laƙabi da France au revoir. Da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wanda ke buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, saboda haka suna kan Windows 10, wasu ma Windows 7. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Shafuka masu yawa a taga ɗaya, waɗanda ake kira onglets, sai a ƙarshen 2022 suka shiga Explorateur, kuma a Windows 11 kaɗai. Wanda ke kan tsohuwar kwamfuta ba zai same su ba sai ta wata manhaja daban.

Dalilan da ke sa a sauya

Dalili na farko shi ne aiki tsakanin wurare biyu. Explorateur yana nuna folda ɗaya a taga ɗaya, don haka mai kwafe kaya daga kwamfuta zuwa kati sai ya buɗe tagogi biyu yana jan fayil daga wannan zuwa waccan. Idan hannu ya goce, fayil ya faɗa wata folda ba a sani ba. Manhajoji masu fuska biyu suna nuna inda kaya suke a hagu, inda za su je a dama. Wannan tsari ya samo asali ne daga Norton Commander na 1986, kuma har yau maɓallansa ba su canza ba: F5 kwafi, F6 mayarwa, F7 sabuwar folda, F8 gogewa.

Na biyu shi ne jerin gwano. Idan aka tura ayyukan kwafi biyar lokaci guda zuwa filashi ɗaya, dukkansu sai su yi ta jan ƙafa. Manhajar da ke jera su ɗaya bayan ɗaya ta fi saurin gamawa, musamman a kan katin memori mai arha.

Na uku shi ne sauya sunaye da yawa a lokaci guda. Mai tara tafsirin watan azumi na kwana 30 yana iya sa wa dukkan fayilolin lamba da kwanan wata cikin minti ɗaya, maimakon bin su ɗaya-ɗaya.

Na huɗu shi ne kwatanta folda biyu, domin a tabbatar duk abin da ke wannan ya isa waccan kafin a goge na asali. Ga mai gyaran waya wannan shi ne mafi muhimmanci, domin da zarar an wanke waya babu komawa.

Manhajojin da ake da su a Windows

Total Commander shi ne mafi daɗewa cikin masu fuska biyu. Christian Ghisler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da shi a 1993 da sunan Windows Commander, aka sauya masa suna a 2002. Ba shi da nauyi, yana aiki a tsofaffin kwamfutoci, kuma yana da Faransanci. Na kuɗi ne: an yarda a gwada shi na wata ɗaya, bayan haka ƙa'ida ta ce a biya.

Double Commander ya yi kama da shi sosai, amma kyauta ne, kuma lambobin da aka rubuta shi da su a buɗe suke ga kowa. Yana aiki a Windows, Linux da macOS. Ga shagon da ba ya son kashe kuɗi kuma ba ya son amfani da manhajar sata, wannan ya wadatar.

Q-Dir kyauta ne shi ma, yana raba taga gida huɗu. Ya dace da mai tura kaya zuwa katuna biyu ko uku a lokaci guda. FreeCommander yana da nau'in kyauta, Explorer++ kuma ƙarami ne mai shafuka, kamanninsa kusa da na Explorateur, don haka ba ya bukatar dogon koyo.

Directory Opus na kamfanin GPSoftware na Ostireliya da XYplorer na kuɗi ne, kuma suna da abubuwa da yawa da ƙaramin shago ba lallai ya buƙata ba. A cikin saitinsu akwai wurin da ake danna wa su karɓi aikin buɗe folda, a kuma mayar da shi cikin sauƙi.

Da dama daga cikin waɗannan suna da nau'in da ake kira portable, wanda ake ɗorawa a filashi a buɗe shi a kowace kwamfuta ba tare da an girka shi ba. Wannan ne ya fi dacewa da wanda ke aiki a kwamfutar da ba tasa ba.

Matakai uku na sauyawa, da inda haɗarin yake

Kalmar sauyawa tana ɗauke da abubuwa uku daban-daban, kuma rashin bambance su ne ke jefa mutane cikin matsala.

Mataki na farko shi ne a girka sabuwar manhaja, a liƙa ta a layin ƙasa na allo, a riƙa buɗe ta idan za a yi aiki. Explorateur yana nan yadda yake. Babu wani haɗari a nan, kuma ga mafi yawan masu shago wannan ya isa.

Mataki na biyu shi ne a sa sabuwar ta riƙa buɗewa duk lokacin da aka danna folda ko aka shiga faifai. Windows ba shi da maɓalli na musamman don wannan. Umarnin yana cikin rajistar tsarin, wato Registre, a ƙarƙashin HKEY_CLASSES_ROOT, a sassan Directory\shell da Drive\shell. Manhajar da ke da wannan zaɓi a saitinta ita ke rubuta canjin da kanta. Wadda ba ta da shi sai an gyara rajistar da hannu. Kafin a taɓa komai, a fara yin point de restauration, domin a samu wurin komawa. Ko bayan an yi wannan canji, tagar da ke fitowa idan an danna Ouvrir ko Enregistrer sous a cikin Word ko wata manhaja ta Windows ce, ba ta canzawa.

Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne goge sabuwar manhajar ba tare da an fara mayar da saitin yadda yake ba. Rajista za ta ci gaba da neman manhajar da babu ita, folda ta ƙi buɗewa. Ƙa'idar ita ce: a fara kashe zaɓin, a gwada buɗe folda, sannan a cire manhajar.

Mataki na uku shi ne wanda bai kamata a yi ba: goge explorer.exe, sauya masa suna, ko canza layin Shell da ke sashen Winlogon na rajista. Wannan fayil ba fayiloli kaɗai yake nunawa ba, shi ne ke riƙe da fuskar allo da layin ƙasa. Idan aka taɓa shi, kwamfuta za ta tashi da baƙin allo babu komai sai kibiyar linzami. Idan hakan ta faru kuma fayil ɗin yana nan, a danna Ctrl, Maj da Échap tare, a zaɓi sabon aiki a Gestionnaire des tâches, a rubuta explorer.exe. Daga nan sai a gyara rajistar.

Ƙwayar cutar raccourci

Duk mai shagon buga takardu a Afirka ta Yamma ya san wannan matsala: a sa filashi, sai a ga foldoji sun koma raccourcis masu 'yar kibiya a gefe, mai kaya ya ɗauka komai ya salwanta. A mafi yawan lokuta fayilolin suna nan. Cutar ta sa musu alamar ɓoyayye da alamar fayil ɗin tsari ne, ta ajiye gajerun hanyoyi masu ɗauke da sunayensu. Wanda ya danna ɗaya ya kunna cutar a kwamfutarsa, ita kuma ta bi duk filashin da za a sa bayan nan.

Explorateur yana ɓoye irin waɗannan fayiloli, kuma yana ɓoye ƙarshen sunan fayil, wato .jpg, .pdf, .exe da sauransu. Saboda haka fayil mai suna facture.pdf.exe zai bayyana kamar takarda alhali manhaja ce. A Total Commander ko Double Commander ƙarshen suna yana da nasa layi a fili, kuma da saiti ɗaya ake nuna duk ɓoyayyun fayiloli. Wanda bai son sauya manhaja zai iya samun haka a Windows 10 ta shiga Affichage ya zaɓi Éléments masqués da Extensions de noms de fichiers, sannan a Options ya cire alamar da ke ɓoye fayilolin tsari.

Domin dawo da fayilolin, a buɗe Invite de commandes a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan harafin filashin E ne. Sai dai manhajar sarrafa fayiloli ba maganin cuta ba ce. Tana nuna abin da aka ɓoye kawai. Dole a wanke kwamfutar da filashin da manhajar kashe cuta, in ba haka ba matsalar za ta dawo.

A kan Linux

Wasu ƙungiyoyi suna ɗora Linux a tsofaffin kwamfutoci domin su ci gaba da aiki. Emmabuntüs, wanda wasu 'yan sa-kai a Faransa suka fara a 2011 domin kwamfutocin da ake sabuntawa, ya isa ƙasashe irin su Togo da Kodebuwa, inda matasan JerryClan suka yi amfani da shi a kwamfutocin da suke harhaɗawa cikin jarka.

A Linux sauyawar ta fi sauƙi, domin an gina tsarin ne da tunanin mutum zai zaɓa. Ubuntu yana zuwa da Nautilus, Linux Mint da Nemo a nau'insa na Cinnamon, Xfce da Thunar, KDE da Dolphin. Thunar da PCManFM su ne marasa nauyi ga kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Nemo kuma yana buɗe fuska ta biyu da maɓallin F3. Bayan an girka wadda ake so, umarni ɗaya ya isa: xdg-mime default nemo.desktop inode/directory. Idan ana son komawa, a maimaita shi da org.gnome.Nautilus.desktop. A nan ma ba a cire ta asali, domin wasu sassan tsarin sun dogara da ita, kuma cire ta na iya jan su su tafi tare.

A kwamfutocin Apple ba a cire Finder. Ana dai iya girka ForkLift ko Commander One a yi aiki da su a gefensa.

A kan waya

Ga mafi yawan Hausawan Abijan waya ita ce kwamfutar. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix na kamfanin Transsion, da na Samsung, kowacce tana zuwa da nata manhajar fayiloli. A Android ba sai an cire ta ba: ana girka wata a riƙa amfani da ita.

Tarihin ES File Explorer darasi ne a nan. Ta kasance cikin manhajojin fayiloli mafi farin jini a duniya. A Janairun 2019 wani masanin tsaron intanet ɗan Faransa, Baptiste Robert, ya nuna cewa tana buɗe wata ƙofa mai lamba 59777 a waya, ta yadda duk wanda ke kan wifi ɗaya da mai wayar zai iya kwasar fayilolinsa. A Afrilun wannan shekara Google ya cire ta daga Play Store, a lokacin da ake zargin kamfanin DO Global da maguɗin danna tallace-tallace. A ranar 29 ga Yunin 2020 Indiya ta haramta ta tare da Xender da SHAREit cikin manhajoji 59. Duk da haka tsofaffin kwafinta na APK suna ci gaba da yawo daga waya zuwa waya. Wanda yake da ita, ya fi masa alheri ya cire ta.

Daga Android 11, wanda ya fito a 2020, manhajar fayiloli sai ta nemi izini na musamman na ganin dukkan fayiloli. Wanda ya ba da wannan izini ya miƙa hotunansa da takardunsa gaba ɗaya, don haka ba kowace manhaja ake ba wa ba. Waɗanda aka san masu su sun haɗa da Files by Google, wadda ta fito a Disambar 2017 da sunan Files Go, da Total Commander na Android wanda kyauta ne kuma babu talla, da Material Files mai buɗaɗɗun lambobi.

Files by Google tana riƙe abin da aka goge kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Tana kuma da folda mai kulle da lambar sirri, amma wanda ya manta lambar ya rasa abin da ke ciki. Masu neman saƙonnin murya na WhatsApp a sabbin wayoyi za su same su a Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media, da ƙarshen suna .opus. Manhajojin share shara da ke alƙawarin ƙara wa waya wuri sukan nuna wannan folda a matsayin mai cin wuri, kuma dannawa ɗaya na iya tafiya da shaidar ciniki ta shekaru.

Abubuwan da sabuwar manhaja ba ta gyarawa

Filashi ko katin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, ko da wace manhaja aka yi amfani. Sai an sake tsara shi da exFAT, kuma sake tsarawa na goge duk abin da ke ciki. Katin jabu da aka rubuta masa girman da ba shi da shi zai nuna kamar kwafi ya kammala, daga baya fayilolin su ƙi buɗewa. Zaɓin tantancewa bayan kwafi, wanda Total Commander da Double Commander ke da shi, yana taimakawa wajen gano matsalar da wuri.

Abin da aka goge daga filashi ba ya shiga Corbeille, tafiya yake kai tsaye. Haka kuma mayar da kaya daga faifai zuwa faifai, wato couper da coller, yana goge na asali yayin da aikin ke tafiya. Idan wuta ta ɗauke ko kebul ya goce a tsakiya, kayan za su rabu biyu. Hanyar da ta fi aminci ita ce a kwafa, a kwatanta, sannan a goge.

Haruffan Hausa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna aiki a sunayen fayiloli a Windows, Linux da Android na yanzu. Tsofaffin rediyoyi masu cin kati da na'urorin mota kuwa sukan nuna su a matsayin akwati ko alamar tambaya. Mai tura wa'azi domin irin waɗannan na'urori gara ya rubuta sunayen da haruffa marasa ƙugiya, ya fara da lamba kamar 01, 02, 03 domin jerin ya tafi daidai.

Amana da doka

Manhajar da ke nuna komai tana nuna har abin da mai waya bai yi niyyar a gani ba. A Kodebuwa dokar da ke kare bayanan mutane ita ce mai lamba 2013-450 ta ranar 19 ga Yunin 2013, kuma a rana ɗaya aka fitar da mai lamba 2013-451 kan laifukan intanet. Sashen PLCC na karɓar ƙorafin waɗanda aka cuta ta wannan hanya. Riƙe hotunan mutum ko takardunsa ba da izininsa ba, balle yaɗa su, na iya kai mai shago gaban hukuma, baƙo ne ko ɗan ƙasa.

Tsarin da ya dace da shago shi ne kowane mai kaya a buɗe masa folda da kwanan wata, a mayar masa da kayansa a gabansa, a goge kwafin shago shi ma a gabansa. Shi kuma mai kai waya gyara ya cire katin memori, ya kwashe takardunsa masu muhimmanci tun daga gida.

Taƙaitaccen zaɓi

Mai amfani da kwamfuta jefi-jefi ya bar Explorateur, ya kunna nuna ƙarshen suna da ɓoyayyun fayiloli. Mai tura kaya ko gyaran waya ya girka Double Commander ko Total Commander a gefe, ba tare da taɓa rajista ba. Mai tsohuwar kwamfuta da Linux ya gwada Thunar ko Nemo. Mai waya ya tsaya ga manhajar da ta zo da ita ko ɗaya daga cikin sanannun da ke Play Store. A kowane hali, a sauke manhaja daga shafin mai ita, a guji kwafin da aka fasa wa kulle, kuma a ajiye kwafi na biyu na duk takardar da rasa ta zai sa mutum komawa layi a ofishin jakadanci.